Tsohon da Ya Ba Ni Aron Kansa

Hannun dama ne ya fara yi mini tawaye. Ina zaune a ɗan ofishina da ke Titin Liuhua, can ƙasar Sin, wata safiya ana tsuga ruwan sama, na ɗauki kofin shayi, sai kawai na ga kofin a ƙasa, wandona ya jiƙe sharkaf. Na ce wa hannun ya ɗauko, ya ƙi. Na buɗe baki zan kira maƙwabcina, wani ɗan Maraɗi da muke hawa ɗaya da shi a benen, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar na cika baki da tuwo. Ƙarar fashewar kofin ce ta kawo shi. Shi ya kinkime ni zuwa asibiti, Allah ya saka masa da alheri. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ni, kuma wai taɓawar sauƙi ce. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, amma hannu ya ce shi bai san zancen ba.

Ni mutumin Kano ne, sana'ata sayen wandunan jins a garin Xintang in loda a kwantena in aika gida. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka da ido ake saye. Ina! Ido ai shi ne babban maƙaryaci a kasuwar yadi. Kama yadin ake yi tsakanin babban yatsa da manuniya, a murza, a ɗan ja, a saki. Nan take za ka san ko zai jure wanki ko tun wankin farko zai zama tsumma. Shekara da shekaru waɗannan yatsun biyu ne suke ciyar da gidana. Yanzu in na taɓa yadi da su, ba na bambance jins da buhun shinkafa. Na gwada da hagu, ita kuma ba ta taɓa shiga wannan makarantar ba. Ga rawa da hannun yake yi in na ɗaga shi, ga shi ba ya dunƙulewa.

Ba sana'ar kaɗai abin ya taɓa ba. Ranar Juma'a in an sallame a Masallacin Huaisheng, jama'a su fito farfajiya a yi ta musabaha, ni kuwa sai in cusa hannun a aljihun riga in dafa ƙirji da hagu. Har na ji wani a bayana yana cewa, "Alhaji ya yi kuɗi, ya daina ba talaka hannu." Na juyo zan wanke shi tas, ɗan Maraɗin nan ya ja ni gefe. Cin abinci a faranti ɗaya da mutane kuwa na daina, don ba zan sa hagu a kwanon jama'a ba. Likita ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in hannun bai farka a 'yan watannin nan ba, to haka zai zauna. Ya ba ni wata ƙwallon roba wai in dinga matsawa. Na matsa, na matsa, ranar da haushi ya kama ni na yi jifa da ita ta taga. Mai ɗakina kuma kullum a waya maganarta ɗaya ce: "Alhaji, ka tattara ka dawo gida. Abin da aka samu Allah ya sa masa albarka." Na san gaskiya take faɗa, shi ya sa maganar take ƙona mini rai.

Akwai wata mata a Xintang da na daɗe ina yin oda a wajenta, tana da gidan ɗinki na bene. Lawban muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk mai wuri a can. Mace ce mai kaifin ido, ba ta wasa da ciniki. Ranar da na koma wajenta bayan ciwon, ta shimfiɗa mini samfur, na kai hannun hagu. Ta kalli hannun, ta kalle ni, ta kalli aljihuna. Da Turancinta na kasuwa da ɗan Sinancina da bai wuce "nawa ne" da "ya yi tsada" ba, na ba ta labari. Ko sannu ba ta ce mini ba. Sai ta naɗe samfurin ta ce in biyo ta, mahaifinta yana sama.

Muka wuce hawan masu yanka, muka wuce na masu ɗinki inda kekuna suke ruri, ƙurar shuɗin yadi tana yawo a iska har tana shiga hanci. A hawan ƙarshe akwai wani ɗaki mai faɗi, daɓen katako, an share shi ƙal, dilolin kaya a jingine gefe guda. A tsakiya ga wani ɗan tsamurmurin tsoho, kansa ƙwal babu gashi ko ɗaya, ƙafa ba takalmi, riƙe da takobin katako. Lawban ta ce da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata masaƙa a Japan, a can wani dattijo ya koya masa takobi irin nasu. Da ya dawo gida mutanen unguwa ba su so abin ba, saboda tsohuwar gabar da ke tsakaninsu da Japanawa. Shi ya sa yake abinsa a sama, shi da 'yan tsirarun ɗalibai da suke zuwa ƙarshen mako.

Da na gane abin da take nufi sai raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Lawban! Ni da furfura a gemu, ga jikoki, a ba ni sanda in yi wasan yara?" Ba ta fassara masa ba. Tsohon ya matso, ya zaro hannuna daga aljihu ba ko neman izini, ya juya shi, ya latsa tafin, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba akuya a kasuwa. Sannan ya ɗora mini hagu a ƙarshen ƙotar takobin, ya ɗora dama a sama. Ya yi magana, 'yarsa ta fassara: wai hagu ce take ɗaukar nauyi, ita take sara. Dama aikinta nuna hanya kawai, kada ta damƙe, ta riƙe sako-sako kamar mai riƙe da ɗanyen ƙwai. Na ɗaga takobin, ya ɗagu. Tun da na kwanta ciwo, ranar ce aka fara ba hannun nan aikin da zai iya.

Haka na fara zuwa da safe, kafin in shiga cinikin kaya. Baba nake ce masa. Rigimarmu ta farko a kan gaisuwa ce. Al'adarsu kafin a fara sai a durƙusa a kai goshi kusa da ƙasa. Na ce wa Lawban ta gaya masa, goshina ga Allah kaɗai yake zuwa ƙasa, in kuma dole ne to a kai kasuwa, na fasa. Na ma shirya wa faɗa. Sai tsohon ya tambayi yadda muke gaida babba a garinmu. Na dafa ƙirji, na tsuguna. Ya yi dariya har da dukan cinya, don ashe su ma akwai tsugunno a cikin nasu, daga tsugune ake miƙewa da takobi. Ya ce shi ke nan, ni in dafa ƙirji, shi ya yi nasa. Bai sake ta da maganar ba har yau.

Abin da yake koyarwa kata ake ce masa. Mutum biyu ne za su fuskanci juna, kowa da takobinsa, kuma komai a tsare yake tun kafin a fara: wanda zai fara kai sara, inda zai sara, yadda ɗayan zai kauce, da inda zai rama. Ta farkon, wadda na shafe watanni a kanta, ga yadda take. Ku biyun ku ɗaga takobi sama da kai, ku tako zuwa ga juna. Malami ya kawo sara tun daga sama kamar zai raba ka biyu. Kai kuma ka ɗan ja da baya, ka janye hannuwa, takobinsa ya wuce ta gaban hancinka ya yi ƙasa. Kafin ya ɗago, ka shiga da ƙafar dama ka sauke naka a tsakiyar kansa da ihu, amma ka tsayar da shi kafin ya taɓa fata. Daga nan shi ya ja baya, kai ka bi shi da tsinin takobi tsakanin idanunsa, har ku koma inda kuka fara. Ana gamawa kafin mutum ya shanye kofin ruwa.

Ɗan Maraɗin nan ya taɓa raka ni, ya zauna a kan dila yana cin gyaɗa yana kallo. A jirgin ƙasa muna komawa ya ishe ni da tsiya. Ya ce, "Alhaji, wanga ai silima ce. Faɗan da an san wanda zai faɗi tun ba a soma ba? Mu can in 'yan kokawa suka yi haka, jifansu ake yi." Na ce ya rufe mini baki, su da ba su san komai ba sai kokawa da fura. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Da na koma na sa Lawban ta tambayi Baba.

Bai amsa a nan ba. Ya ja ni muka sauka hawan masu yanka, ya ɗauko kwalin da suke ɗorawa a kan yadi su zana kafin su sa almakashi. Ya kara shi a ƙugunsa, ya ɗan taka kamar mai gwada sabon wando, ma'aikata suna ta dariya. Lawban ta ce wai yana tambaya, akwai mai sa wannan ya fita unguwa? Na ce babu. Akwai wandon da yake fita daga gidan nan ba ta kansa ba? Na ce babu. Ya ce to mutanen da suka tsara kata da takobin gaske suka yi rayuwa, kuma ba a koyon faɗan takobi a fagen faɗa, don wanda ya yi kuskure sau ɗaya ba ya samun damar gyarawa. Sai waɗanda suka tsira suka ɗaure abin da suka gano a cikin waɗannan 'yan takun, don na baya su koya ba sai an binne su ba. Duk wani motsi da yake ciki, in ji shi, akwai wanda ya mutu saboda bai yi shi ba.

Ban gama yarda ba sai da muka koma sama. Ni a lokacin ja da bayan nan da ganda nake yinsa, tunda na san saransa ba zai same ni ba. Ranar sai ya ɗan ƙara tsawon taku. Ji kawai na yi ƙas, maɓallin rigata ya tashi ya gangara ƙarƙashin diloli, ni kuwa na daskare da takobi a sama. Fatata ko ƙwarzane babu. Ya sa na tuɓe rigar, ya aika ƙasa aka sa mata sabon maɓalli, ina zaune daga ni sai singileti kamar ɗan dako. Gani ya kori ji, ban sake ja da baya da wasa ba.

Kaucewa ta zauna, taku ya zauna, har hannun ya fara rage rawa in yana kan ƙota. Inda gizo ke saƙar shi ne ramuwar. Da farko dai akwai maganar ido. A kata dole ka zuba wa abokin karawarka ido tun daga farko har ƙarshe. Ni kuwa an haife ni a gidan da in babba yana magana ƙasa kake kallo. Mahaifina har ya rasu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da mun tako sai idona ya sauka kan yatsun ƙafar Baba, shi kuma ya sa tsinin takobi ya ɗago mini haɓa. Wanda ya fi wannan shi ne saran kansa. In ɗaga sanda in sauke a kan tsoho, sa'an ubana? Hannuna da kansa yake kaucewa. Wani lokaci in sari iska ta gefen kunnensa, wani lokaci in tsaya tun takobin yana sama da kansa da kamu guda.

Wannan ne kaɗai abin da na ga ya fusata shi. Wata rana ya buga ƙafa a daɓe, ya ce, "Meyo! Meyo!" wato babu, kalmar da duk ɗan kasuwa ya sani. Ya ajiye takobinsa ya tafi ya tsaya a taga ya ba ni baya. Lawban ta ji bugun ƙafar ta hawo. Na ce ta gaya masa girmamawa ce, a garinmu wanda ya ɗaga wa dattijo sanda ba ya gamawa lafiya. Na ce in ya yarda mu yi musanya, ni in zama mai faɗuwa, shi ya dinga saukewa a kaina, ai ya fi dacewa.

Ta fassara, ya juyo, ya yi magana mai tsawo, abin da bai saba ba. Wai a kata babba ne yake ɗaukar wurin wanda za a kashe, haka aka gada. Shi ya san hanya, shi zai kawo sara na gaskiya, ya buɗe kansa a daidai lokacin da ya kamata, don ƙarami ya ɗanɗani yadda nasara take. Malaminsa haka ya yi masa shekaru, ya faɗi a hannunsa sau ba adadi. Ya ce in na sari gefe, na mai da shi mahaukaci mai miƙa kai ga wanda ba ya so. In ina son girmama shi, to in karɓi abin da ya miƙo.

Mu a wajenmu babba ba ya faɗuwa a gaban yaro, ko ya faɗi cewa ake zama ya yi. Ga wani tsoho yana gaya mini faɗuwar ita ce aikin babba. Amma akwai abin da ban faɗa ba sai da Lawban ta matsa. Na ɗaga hannun na nuna musu yadda yake karkarwa. Na ce, "Baba, wannan ba ya jin maganata. In na sake shi da ƙarfi ban san inda zai tsaya ba. Katakon nan nauyi gare shi, kai kuma ko hula ba ka sawa." Na nuna wani kwalkwali mai raga da ke rataye a bango, irin wanda ɗalibansa suke sawa in za su kara da takobin gora. Na ce ya sa. Ya girgiza kai. Wai in ya sa, hannun zai san babu abin da zai faru, kuma hannun da ya san haka ba zai taɓa koyon tsayawa ba.

Sai ya kawo dabara. Ya jera diloli har tsayinsa, ya ɗora lemo a sama, irin ƙananan nan masu saurin ɓarewa, ya ce ga kansa nan. Kai, na yi ɓarnar lemo a garin nan! Wani ya fashe ya fantsamo mini a ido, wani ya yi tsalle ya bi matakala. Masu ɗinki har suka saba, in sun ji tim daga sama sai su hawo karɓar rabonsu. Baba yana gefe yana cewa, "Man-man, man-man," wato a hankali. Ya nuna mini ba da ƙarfin dantse ake tsayar da takobi ba. A ƙarshen saran ne ƙananan yatsu suke matse ƙota, hannu biyu su ɗan murɗa ciki kamar mai matse wanki. Hagu ta iya tun tuni. Dama kuwa yau ta yi, gobe ta yi barci. Sannu a hankali lemo ya fara tsira, har aka daina hawowa karɓa. Amma da ya janye diloli ya tsaya da kansa, sai hannun ya koma gidan jiya.

Ana haka na yi wani mummunan saye. Na karɓi kaya a wani wuri daban, na duba da ido da hagu, suka yi mini kyau. Da suka isa Kano ƙanena da yake kula da shago ya kira, wai ana ta dawo da su, rini yana zuba, gwiwa tana buɗewa. A da ko a mafarki yadin nan ba zai wuce yatsuna ba. Na koma asibiti, likita ya dinga tsikarin yatsun da wani abu mai tsini, ya ce in faɗa in na ji. Na ji kaɗan-kaɗan, can nesa. Ya ce an samu ci gaba, amma fuskarsa ba ta ce haka ba. Na kira mai ɗakina na ce ta sa a gyara mini ɗaki, in na sallami kwantenar da ke hannu zan taho gaba ɗaya. Ta yi hamdala. Ni kuwa na kashe waya na zauna ina kallon bango, don ban san me mutum irina zai yi a gida ba in ba zaman ƙofar gida ana jiran kiran salla ba.

Na tafi Xintang yi wa Baba sallama, na riƙe masa ganyen shayi mai kyau da dabino. Safiya ce, zafin garin ya yi nauyi, riga tana manne wa baya tun rana ba ta ɗaga ba. Lawban ta raka ni sama ta gaya masa. Ya karɓi ledar da hannu biyu, ya ajiye a taga bai buɗe ba. Ya ɗauko takubba biyu ya miƙo mini ɗaya. Na ce, "Baba, sallama fa na zo yi." Ya je ya tsaya a wurinsa na kullum yana jirana. Lawban ta ce masa wani abu da sauri, murya sama, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu a ƙirji. Na cire takalmi. Na ce a raina, to, tunda na ƙarshe ne, bari in yi masa yadda yake so ko sau ɗaya, kada in tafi da haƙƙinsa.

Na dafa ƙirji, ya sunkuya. Muka tsuguna, muka miƙe, muka ɗaga. Na yi bisimilla a zuci, na ɗago ido na sa a nasa. Ashe idonsa na hagu ya fara yana, fari-fari a gefe, duk zaman da muka yi ban sani ba. Babu faɗa a idon, jirana kawai yake yi. Muka tako. Abin da ya kawo mini ranar ba irin na kullum ba ne. Ya yi wani ihu da ya danne ƙarar kekunan ƙasa, ya sako takobin da dukkan jikinsa, na ji iskarsa a kan hancina. Ni dai ban san lokacin da na kauce ba. Na ga ƙoƙon kansa a buɗe a gabana yana sheƙi, ƙafata ta riga ta tafi, muryata ta fita, takobin ya sauko da ƙarfin da ban taɓa sakar masa ba.

Ya tsaya. Tsakaninsa da fatar kan bai fi kaurin yadi ba. Ƙananan yatsun hannun dama sun damƙe ƙota tamau, su da kansu, tsinin ko motsi ba ya yi. Na so in yar da takobin in rungume tsohon nan, ya zare mini ido, wato ba a gama ba. Ya ja baya a hankali, na bi shi da tsini tsakanin idanunsa yadda ya koya mini, muka koma inda muka fara, muka tsuguna, muka miƙe, muka yi gaisuwa. Ya sha gaya mini wanda ya saki jiki bayan sara bai yi kata ba, kuma ranar ma bai yafe mini ko taku ɗaya ba.

Ba zan yi ƙarya in ce hannun ya warke a ranar ba. Har yanzu in gari ya yi sanyi yakan yi nauyi, kuma sai da aka ƙara watanni kafin in yarda da abin da yatsuna suke gaya mini a kan yadi. Amma ban tattara ba. Na kira mai ɗakina na ce a dakata da gyaran ɗaki, ta yi mita ta gaji, ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Duk wannan daga baya ne. Abin da na fi so in faɗa shi ne wanda ya faru bayan mun ajiye takubba.

Baba ya je ya zauna a kan benci, zama irin na wanda ƙafa ta gaza. Lawban ta taho fuska a murtuke, ta hau shi da faɗa da yarensu na gida ba ko numfashi. Shi dai ya miƙa hannu ta ba shi ruwa, ya sha, rabi yana zuba a ƙirjinsa. Na tambaye ta me take cewa. Ta ce, "Kafin ku fara na gaya masa hannunka bai warke ba, likita ma bai tabbatar ba. Ya ce ya sani."

Na matsa kusa da shi. Na ce mata, "Tambaye shi, ya san zan iya tsayarwa?"

Ta tambaya. Ya girgiza kai.

Na ce, "Bai sani ba?"

Ta ce, "Wai ina zai sani, shi ba ɗan duba ba ne."

"To da ban tsayar ba fa?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya faɗi 'yan kalmomi. Lawban ta harare shi kafin ta fassara. "Wai da sai a kai shi a ɗinke, in an cire zare ku sake."

Shiye-shiye ɗin da muke ce wa mai shago in ya miƙo mana kaya, wato “na gode” da yarensu, ya yi mini kaɗan, sai na koma Hausa. Na ce Allah ya saka maka da alheri, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, Allah ya raba ka da ciwon da sai an kwantar an tayar. Mutumin nan ba dangin iya ba na baba, addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba, kuma bai taɓa neman komai a wurina ba. Ina magana hawaye yana zuba, ni da ban yi kuka a gadon asibiti ba, kuma ko kunyar Lawban ban ji ba.

Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya bari na gama. Sannan ya kamo hannun daman nan ya ɗora a kansa, daidai inda takobin ya tsaya, ya danne da nasa. Na so in janye, don tunda aka haife ni ban taɓa dafa kan babba ba. Ya riƙe. Sai na ji laimar zufa, na ji ɗumi. A ƙarƙashin manuniyata, can wajen gefen goshi, na ji wata 'yar jijiya tana bugawa da sauri-sauri, bugun mutumin da ya tsorata ƙwarai. Da yatsun nan nawa na ji shi, sarai. Na ce wa Lawban, "Gaya masa zuciyarsa gudu take yi." Ta gaya masa. Ya yi dariya, ya ce ai dole, kai ɗaya gare shi.